Tafiyar kwanaki a kan babur daga Gombe zuwa tsaunin Mambila

Tambaya: Mu uku ne, mazauna Gombe. Muna so mu hau baburanmu mu je Gembu, can kan tsaunin Mambila, mu zaga mu dawo. Biyu daga cikinmu Boxer 100 gare su, ɗaya yana da 150. Ba wanda ya taɓa tafiyar da ta wuce yini guda a kan babur. Shin ƙananan baburan nan za su kai mu? Kwana nawa za mu ware, wane lokaci ya fi dacewa, kuma me za mu tanada?

Amsa: Za su kai ku, da yardar Allah. Irinsu ne 'yan acaɓan Nguroje da Gembu suke hawa da sauka da su kullum, har da buhun masara a kariya. Abu biyu ne ke jefa baƙon hanyar Mambila cikin wahala: dare ya riske shi a inda bai kamata ba, ko birki ya yi zafi ya daina kamawa a gangara. Duk tsarin da za ku yi, a kan waɗannan biyun za ku ɗora shi.

Daga Gombe za ku bi Kumo, Billiri, Kaltungo da Cham, ku haye gadar Binuwai a Numan, ku nufi Jalingo. Wannan wajen kilomita 300 ne. Daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan hawan dutse zuwa Maisamari, Nguroje da Gembu, kusan kilomita 400. Kada ku yi lissafin lokaci da gudun da agogon babur ke nunawa. Ko kuna tafiya a kan 65 ko 70, idan aka haɗa da shan mai, salla, cin abinci, shingayen jami'an tsaro da wuraren da kwalta ta farfashe, abin da za ku ci a awa ɗaya ba zai wuce kilomita 40 zuwa 45 ba. A kan dutse kuwa ku sa 20 zuwa 25. Kilomita 300 awa bakwai ke nan cur, kuma wanda bai saba ba zai ji su a bayansa da wuyansa washegari.

Don haka ku ware kwana tara. Uku na zuwa: Gombe zuwa Jalingo, Jalingo zuwa Serti, Serti zuwa Gembu. Biyu a sama, uku na dawowa, ɗaya kuma a ajiye don faci, ruwan sama ko gajiya. In kun makara a ranar farko, ku kwana a Numan. Kwanan Serti shi ne ba na so ku tsallake. Direbobin mota kan cinye Jalingo zuwa Gembu a yini guda, saboda haka za ku sami masu ce muku ai ku wuce kawai, saura kaɗan. Wanda ya bi wannan shawara a kan babur zai iso gindin dutse bayan la'asar, hannu ya mutu, ido ya gaji, ga hazo na shirin sauka. Ku riƙa tashi da zarar gari ya waye sosai, wajen ƙarfe 6:30, ku kuma tsara isa masauki kafin ƙarfe 4. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 a ƙarshen shekara, kuma awa biyun da ke tsakani na tayar da za ta yi faci ne.

Akwai batun doka da mutane kan manta. Gwamnatin Taraba ta sha sanya dokar hana hawa babur a cikin birnin Jalingo, kuma wanda aka kama ba a tambayarsa ko baƙo ne. Kafin ku bar gida ku kira wanda kuka sani a can ya tabbatar muku da halin da ake ciki, da hanyar da za ku bi ku ratsa, da inda za ku ajiye baburan a bakin gari in ta kama. Kowa ya riƙe lasisin tuƙin babur, takardun rajista da lamba, inshora, rasit ɗin sayen babur da katin shaidar ɗan ƙasa. Na ainihi a cikin leda a jikinku, kwafi a aljihun da hannu ke saurin kaiwa. Samari uku a kan babura da kaya ɗaure a baya abin tsayarwa ne a kowane shinge, ba kuma laifin jami'an ba ne. Tun daga nesa ku rage gudu, ku ɗaga gilashin hular kwano, mutum ɗaya ya yi magana, kada kowa ya ɗaga waya da sunan ɗaukar hoto. Labarin tsaron hanya kuwa, musamman tsakanin Jalingo da Bali da Serti, a tashar mota ake samunsa, wajen direbobin da suka biyo ta a ranar. Kowace yamma ku je ku tambaya. In suka ce a jira a tafi tare da motocin safe, ku jira.

Lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Damina a Mambila doguwa ce, tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, wani lokaci ta ɗan gota. A cikinta hanyoyin jar ƙasa kan zama santsi tsantsa, ƙasa kan zabtaro kan titi, gadoji kan samu matsala. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, amma ƙurar hunturu na rufe tsaunukan da kuka je gani, ciyawa ta bushe, sanyin dare kuma ya tsananta. A Nuwamba ruwa ya ɗauke amma ƙasa na nan kore shar.

Gyaran babur a yi shi mako guda kafin tafiya, sannan a hau shi kilomita 100 ko fiye a cikin gari da kewaye. Wanda ya fito daga wajen bakanike da daddare ya kama hanya da asuba, a daji zai gano notin da aka manta ba a ɗaure ba. Ku fara da birki. Boxer 100 birkin duram gare shi gaba da baya. A buɗe duka biyun a duba lainin, in ya ci rabi a canza shi, a goge cikin duram ɗin da sanfefa, a tabbatar babu giris ko mai a jiki. Sabon lainin ba ya kamawa sosai sai ya zauna, wannan ma dalili ne na yin gyara da wuri. Da yawan masu babur a garuruwanmu sun saki birkin gaba, wasu ma sun cire wayarsa, wai yana kayar da mutum. A kan dutse wannan ganganci ne, domin a gangara nauyi kan koma tayar gaba, ita ce ke da riƙon ƙasa, ta baya kuwa da an taka ta da ƙarfi sai ta ja ƙasa. In babur ɗin 150 yana da birkin faranti mai amfani da mai, a zubar da tsohon man a sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man birki na shan danshi daga iska, wanda ya shekara biyu kuwa zai iya tafasa a doguwar gangara, ka matsa hannun birki ya tafi har ƙarshe ba abin da ya kama.

Taya wadda zanenta ya kusa shafewa, ko gefenta ya fara tsattsagewa, a cire ta. In za ku sayi sabuwa ku duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kada a sayar muku da wadda ta shekara biyar a shago. Iska a irin waɗannan babura wajen PSI 25 ne a gaba, 28 a baya, 32 in akwai kaya mai nauyi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama. Masu faci da yawa da yatsa suke gwadawa, sukan cika ta ta yi tauri, taya mai tauri kuwa ba ta riƙe kwana. Ku sayi ɗan ma'aunin iska naku. A kuma ƙwanƙwasa sifokin wili a ji ko akwai sakakku, a girgiza wilin a ji ko boris ya yi wasa.

Sarƙa da haƙoranta tare ake canza su. In haƙoran sun lanƙwashe sun yi tsini, ko sarƙar na da wurin da ta ɗame da wurin da ta saki, a sauya duka saitin. Sakinta a tsakiya ya zama santimita 2 zuwa 3, kuma a auna da kayan a ɗaure da mutum a zaune, saboda nauyi na ƙara ɗame ta. A shafa mata mai duk kilomita 500, ko bayan ruwa da laka. Masu Boxer 100, in mai babur ɗin mai jiki ne, za su iya sa ƙaramin haƙorin gaba wanda ya gaza na asali da haƙori ɗaya. Gudu zai ragu kaɗan a miƙaƙƙen titi, amma babur zai fi jan hawa, zai kuma fi riƙe kansa a gangara. Baƙin mai a zuba sabo, 20W-50 na babur mai alamar JASO MA a jikin robar, kusan lita ɗaya. Man mota na iya sa kuloci ya riƙa zamewa, domin kulocin babur a cikin man yake wanka. Fulogi sabo, soson iyakilina a wanke, wayar kuloci da ta totur a duba ko sun fara tsinkewa a wajen kai. Hon da fitila da madubi su zama suna aiki.

Tun da baburan kamfani ɗaya ne, ku raba kayan gyara tsakaninku, ba sai kowa ya ɗauki komai ba. Tif na gaba da na baya, a duba girman da ke jikin tayar kowa, da kayan faci, ƙarafan cire taya biyu da famfon hannu. Sifana 8, 10, 12, 14 da 17, da wadda ta dace da notin wili, sifanar fulogi, filaya da sukurdireba. Wayar kuloci da ta totur, fulogi biyu, mahaɗin sarƙa biyu, lainin birki saiti ɗaya, ƙwan fitila, fis, 'yar waya ta ɗauri, salatif, lita ɗaya ta baƙin mai, da igiya mai ƙarfi mita biyar. Kayan faci ba su da amfani a hannun wanda bai taɓa cire tayar baya ba. Ku zauna wajen mai faci yini guda kafin tafiya, kowa ya cire ya mayar da hannunsa.

Kaya kada su wuce kilo 15 zuwa 20 a kowane babur, kuma kada ku ɗauki fasinja. Kaya mai nauyi ya zauna a kujerar baya dab da bayan mai tuƙi, mara nauyi a kariya. In nauyi ya koma can ƙarshen kariya, a hawa mai tsini tayar gaba kan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, wani lokaci ya ɗaga. A ɗaure da roba ta tsohon tif, a cusa bakin robar, domin wanda ya saki zai shige cikin sarƙa. Haka ma babbar riga, rawani da doguwar jallabiya: a naɗe su a jaka sai an sauka. Hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarta. Jaket mai kauri, safar hannu, wando mai ƙarfi, takalmi mai rufe idon sawu. Silifa ba takalmin tuƙi ba ne. Game da sanyi, duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, Mambila kuwa tsayinta wajen mita 1,600 ne, wasu wuraren sun fi haka, ga iskar gudu a kai. Za ku bar Serti kuna gumi ku isa Nguroje haƙora na kaɗawa. Riga biyu ko uku marasa kauri da rigar ruwa a sama sun fi ƙatuwar riga ɗaya, kuma a tsaya a ƙara su tun kafin yatsu su sandare, domin sandararren yatsa ba ya jin birki.

Tankin Boxer wajen lita 11 ne. A gari yana iya ba ku kilomita 45 ko fiye a lita, amma da kaya da hawa ku lissafa 30. Tafiyar gaba ɗaya da zagayen sama za ta kai kilomita 1,600, wato lita 50 zuwa 55 kowane babur. Daga Bali zuwa gaba, duk inda kuka ga gidan mai a buɗe ku cika, ko da tanki na rabi, kuma ku sa ran tsada a sama. Dole wata rana za ku saya wajen 'yan bumburutu. Ku ɗaga kwalbar ku duba ƙasanta, ruwa kan kwanta a can, ku tace da kyalle mai tsabta. 'Yar matatar mai da ake sawa a tiyon da ke zuwa kafireta ba ta da tsada, ku sa ta tun a Gombe. In babur ya fara shaƙewa jim kaɗan bayan shan mai, a rufe makunnin mai, a kwance sukurun da ke ƙasan kafireta a zubar da abin da ya taru. Kuɗi kuma ku riƙe tsaba, a rarrabe a wurare biyu ko uku, saboda sabis na waya kan ɗauke, mai POS ba abin da zai iya yi muku. Ku sauke taswirar yankin a waya tun kuna gida, ku riƙe layuka na kamfanoni daban-daban, wani a gida kuma ya san garin da za ku kwana kowace rana.

Ranar hawa ku karya a Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, ku isa Mayo Selbe da hantsi. Daga nan titi zai fara nannaɗe dutse, ta Hawan Biyu da Sisi da kwanonin da ke bayansa, ya ɗaga ku fiye da mita 1,000. Ku sauko giya tun kafin inji ya fara kuka. Giya ta biyu da inji mai sakin murya ta fi ta uku da inji na ƙwanƙwasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne riƙe kuloci rabi-rabi don babur ya ja: minti kaɗan faranta za su ƙone, ku ji wari, inji na ihu babur ba ya gaba. Kuloci ko a sake shi duka ko a matse shi duka, sai a tsakiyar matsatsiyar kwana na daƙiƙa biyu. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, a hawa kuma aiki ya yi yawa iska ta yi kaɗan, don haka in kuka ji ƙarfi na raguwa ko ƙara ta sauya, ku sami fili ku tsaya minti goma. Kada a watsa masa ruwa. In babur ya mutu a tsakiyar hawa, a taka birkin baya, domin na gaba shi kaɗai ba ya riƙe babur mai komawa da baya, tayar sai ta ja. A bar shi a giya, a karkata ta ɓangaren da ƙasa ta fi kusa da ƙafa.

Can sama za ku ji baburan sun yi sanyin jiki. Ba lalacewa suka yi ba. Iska na raguwa da tsayi, inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, wato wajen kashi 15 a kan Mambila. Boxer 100 mai ƙarfin doki 8 ya koma ƙasa da 7. Kafireta kuma ba ta san an hau dutse ba, man da ta saba bayarwa shi take bayarwa, sai mai ya fi iska yawa: fulogi ya yi baƙi, silo ya riƙa mutuwa, salansa ta yi ɗan baƙin hayaƙi. Maganin kwana biyu shi ne a goge fulogi, a tabbatar iyakilina a wanke take, a ɗan ɗaga silo. Kada ku yarda a cire soson iyakilina wai don iska ta shiga, ƙura za ta cinye ringi. In wani bakanike a Gembu ya taɓa sukurun iska, ku ƙirga juyi nawa ya yi ku rubuta.

A kwana, duk rage gudu a gama shi tun babur na miƙe. A shiga a hankali, ido na kallon inda ake so a fita, a riƙe totur kaɗan yadda babur zai zauna. Wanda ya zuba wa ramin gefe ido, can babur zai nufa. Ku zauna a hannunku na dama, amma ba dab da layin tsakiya ba, ba kuma can bakin kwalta inda yashi da tsakuwa ke taruwa ba. Manyan motoci masu ɗauke da katako, shanu ko masara ba sa iya shan matsatsiyar kwana sai sun ci hannun wani, saboda haka duk kwanar da ba ku ga bayanta ba ku danna hon, ku ɗauka akwai mota a ciki. Baƙin tabo mai sheƙi a titi gas ne ko baƙin mai da wata mota ta zubar. Duwatsun da direbobi ke sawa a bayan taya in mota ta lalace, nan suke barinsu. Kashin shanu ɗanye ma santsi ne, shanun kuwa a Mambila ko'ina suke. In garke na tsallakawa a tsaya cak, a bar makiyayi ya gama. In hazo ya rufe har ba ku ganin mita 30, ku kunna ƙaramar fitila ku lallaɓa zuwa wuri mai fili ku sauka daga titi gaba ɗaya.

A jere, wanda ya fi sanin hanya ya shige gaba, mai ƙaramin ƙwarewa a tsakiya, mai 150 da kayan gyara a baya. Tazarar daƙiƙa 3 a miƙaƙƙen titi, 5 a dutse. Kowa da gudunsa, kada na baya ya ce sai ya kamo na gaba, a haka ake faɗuwa. Na gaba ya jira a kowace mararraba har ya ga fitilar na bayansa. Duk awa ɗaya da rabi a sauka a miƙe ƙafa, a sha ruwa, lita uku a yini. Tuwo mai nauyi da rana barci yake kawowa, a bar shi sai dare. Ƙwayar hana gajiya kuwa kada ma a fara. Matafiyi na da rangwamen ƙasaru da haɗa salla, wannan zai rage muku tsayawa a wuraren da babu kowa. Ku riƙe bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol da gidan sauro don kwanan Numan da Serti. In wani ya faɗi, a fara tsayar da motocin da ke tahowa, kada a cire masa hular kwano ko a ɗaga shi da ƙarfi in yana kukan wuya ko baya, sai in numfashi ya tsaya. Jini a danne shi da kyalle mai tsabta. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. Akwai babban asibiti a Bali da Gembu, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa kuma 112.

Kwana biyun sama ba za su ishe ku ganin komai ba. Gonakin shayi na Kakara, dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, da kogin Donga a ƙasan Gembu sun isa. Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya da mita 2,419, tafiyar ƙafa ce da ɗan jagora da izinin hukumar gandun daji, ku bar ta sai wani zuwan. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, Hausa ma na yi muku aiki. Da kun bar kwalta ku ɗauki ɗan acaɓa na garin ya shige gaba, ya san rafin da ake ratsawa da hanyar da ke kaiwa iyakar Kamaru ba tare da mutum ya ankara ba. Ruwan da ya wuce cibiyar taya kada ku shiga sai wani ya taka da ƙafa ya gwada. In inji ya sha ruwa ya mutu, kada a buga kik da fulogi a ciki: a cire fulogi, sannan a buga har ruwan ya fita, a duba baƙin mai, in ya koma kalar madara a canza shi. Bayan kowane rafi a ɗan riƙe birki ana tafiya har duram ya bushe.

Saura gangara, wadda ita ce ainihin jarrabawar. Birki aikinsa mayar da gudu zafi. A gari kana takawa kana saki, duram na samun sararin hucewa. A gangarar kilomita da yawa, in ƙafa ta zauna a kan birki, zafin ba ya samun fita. Lainin ya yi sulɓi, duram ɗin ƙarfe ya buɗe ya nisanta daga lainin, sai ka ji feda na ƙara nutsewa, babur kuma ba ya rage gudu. Ba ya zuwa da hayaniya, alamunsa wari ne kamar na ƙonanniyar roba da birkin da ke neman a ƙara taka shi fiye da ɗazu. Da kun ji ɗaya daga ciki ku tsaya a fili na farko, minti 15 zuwa 20, ba tare da zuba ruwa ba, domin ruwa na iya karkatar da duram mai zafi.

Abin da ke hana a kai ga haka shi ne inji ya ɗauki yawancin aikin. Giyar da kuka hau da ita, da ita za ku sauka, galibi ta biyu, a wurare masu tsini ta ɗaya. A sa ta tun a saman gangara, a saki totur, a saki kuloci. Inji zai yi ƙara, ba komai, aikinsa yake yi. In gudu ya ƙaru, a kama birkin gaba da na baya tare, da ɗan ƙarfi, daƙiƙa uku ko huɗu, a rage sosai, sannan a sake su gaba ɗaya su sha iska. Kamawa da saki ke nan har ƙasa. Za ku ga 'yan gari na kashe inji su sa firi suna gangarawa don tsimin mai. Man da ake tsimin bai kai kofin shayi ba, mai yin haka kuma ya bar wa lainin biyu nauyinsa da na babur da na kaya, sannan in ya so mayar da giya cikin gudu tayar baya na iya kullewa. Matse kuloci ana gangarawa ma firi ne. Ku matsa baya kaɗan a kujera, ku matse tanki da gwiwa don kada nauyi ya taru a hannu. Kada ku zauna a gaban babbar mota mai gangarowa, ita ma birkinta na iya yin abin da naku zai yi: ku ba ta hanya ta wuce, ku bi ta daga nesa. In birki ya ƙi gaba ɗaya, a sauko giya ɗaya bayan ɗaya ana sakin kuloci a hankali, a nufi ɓangaren jikin dutse, a goga babur a ciyawa ko gefen ƙasa.

Ranar saukowa ku bar Gembu wajen ƙarfe 8, lokacin da hazon safe ya fara ɗagawa, ku tsaya a Maisamari ku ɗaure notin birki in feda ta yi nisa, ku duba iska da ɗaurin kaya. Ku tsara tsayawa sau biyu a cikin gangarar ko da birki bai nuna komai ba. A Mayo Selbe ku cire rigunan sanyi, ku mayar da silo da sukurun iska yadda suke tun farko, domin saitin da ya dace da sama zai sa inji ya yi zafi a ƙasa. Ku auna sakin sarƙa, ku duba baƙin mai, sannan ku kama hanyar Serti.